Ƙafar Madubi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan naki masu ƙiriniya. Yaya ciwon bayan da kika ce yana damunki? Mu nan sai godiyar Allah.

Kin yi ƙorafi cewa duk sanda kika kira ba abin da nake ce miki sai "da sauƙi". Ki yi haƙuri. Kin san gidan namu, in na yi tari a kicin ana ji a ɗaki, kuma tun da aka sallamo maigidana, mijin naki na wasa, daga asibiti kunnensa ya ƙara kaifi. Shi ya sa na koma takarda, a ofis nake rubuta miki lokacin hutun rana.

Wurin da aka yanke ya warke, ƙasa da gwiwar dama kaɗan. Sugan ma ya sauka, in dai ban kau da kai ya saci abin zaƙi ba. Jikin ya warke, amma mutumin bai dawo ba, Auta. Wanda ya yi shekara da shekaru a tsaye yana zagaya kujerar aski, yana ba mutane dariya har su manta da reza na wuyansu, shi ne yanzu yake wuni yana kallon silin. Abokin shagonsa ya lulluɓe masa kujerarsa da mayafi, ya rantse ba mai zama a kanta sai ya dawo. Sai dai mai ginin yana da ɗan'uwa mai neman wurin aski, ya ce zai jira zuwa ƙarshen shekara, daga nan kuma ba ruwansa. Kujerar nan ita ce ransa. In ya rasa ta ban san wa zan riƙa kai wa abinci a ɗakin nan ba.

Mun je an gwada masa ƙafar roba irin ta asibiti. Nauyi kamar an ɗaura masa bulo, idon sawun kuma a sandare. Ta kai mutum banɗaki ta dawo da shi, amma ba ta wuni tana juyi a bayan kan mutane ba. Ya cire ta ya miƙa wa ma'aikacin da ke haɗa ƙafafun cikin ladabi, muka dawo gida.

To, ga abin da na ƙudurta. Kin sha yi mini tsiya cewa albashin banza nake ci a kamfanin tirelolin nan, wai rabin aiki nake yi. Ba ki yi ƙarya ba. Ɓangaren hagu kawai nake zanawa a kwamfuta, da ƙafar taya da maƙalar fitila da komai, sai in kafa bango a tsakiya in danna madubi, ɓangaren dama ya fito da kansa, daidai wa daida. Ina cikin yin haka ranar nan sai hannuna ya tsaya. Na ce da kaina, ai shi ma yana da ɓangaren hagu.

Na yi wa ma'aikacin asibitin magana, ya ce shi zai yi kofin da dungulmin ke shiga, ni in zana daga nan zuwa ƙasa, in ta yi kyau ya haɗa. Oga kuma ya ara mini na'urar da muke ɗaukar siffar ƙarafa da ita, wata aba mai kama da dutsen guga, tana haska abu sai siffarsa ta fito a kwamfuta. Da na zo da ita gida sai da muka kai ruwa rana. Mutumin da ya saba riƙe kan manya yana juyawa yadda ya ga dama, wai shi ba za a haska masa ƙafa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Daga baya ya miƙo ta a kan matashi, na zagaya ta tun daga gwiwa har yatsu.

Da ya ga ƙafar tasa tana juyawa a allon kwamfuta sai ya yi dariya, irin wadda na kwana biyu ban ji ba. Ya ce in gaya miki, tun da yanzu a kwamfuta ake yin ƙafa, zai sa in ƙara masa tsawo, ya ga bakin da za ki sake kiransa Guntu da shi. Na ce masa ina, ta hagu ce mai hukunci, duk tsawon da Allah ya ba ta shi 'yar'uwarta za ta bi. Ya ce ashe ko a kwamfutar ma ba a tsira daga sharrinki ba.

Ki taya mu da addu'a. Ki gai da maigidan da yara.

Yayarki,
Mai Zane

Auta ƙanwata,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum, tare da fatan kowa na lafiya a wajenku. Saƙonki ya iso, na gode da safar da kika aiko masa. Ya ce wai ke ce mutum ta farko da ta taɓa yi masa kyautar da rabinta ya ishe shi.

Aikin ya fi yadda na ɗauka. Ki daina ganin danna madubi kawai ake yi a tafi shan shayi. In abu haɗe-haɗe ne, kwamfutar tana tsayar da ke ta tambaye ki a kan kowane yanki: wannan a juya shi ya zama kishiyar na hagu, ko a ɗauke shi yadda yake a kai ɗaya gefen? Ƙashin ƙafa da tafin sawu dole a juya su. Amma noti da boris da sifirin ba a juya su, don in kin juya noti a madubi murɗinsa ma sai ya juya, ki zo kina ɗaurewa yana kwancewa, kuma ba shagon da za ki same shi. Na yi wannan zaɓin a kan tirela ba adadi, ban taɓa jin komai ba. Wannan karon na zauna ina ware ƙafar mijina, wannan nasa ne, wannan na kasuwa ne, sai na tashi na fita waje na tsaya kamar mai jiran wani.

Da na gama na zo masa da hoton gida ina ta rawar jiki. Ga ƙafafu biyu a tsaye, tsaf. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ba ƙafata ba ce."

Wai tasa ta dama ta fi faɗi, babban yatsan ya ɗan karkace, dunduniyar kuma waje take kallo, don a kanta yake juyawa in yana zagaya kujera. Na so in yi musu, sai na tuna ni ke wanke masa takalma, kuma kullum na dama ne ke fara cinyewa ta gefe. Kama da wane ba ta wane. Tirela ce kawai hagu da damanta suke ɗaya, ita ma don mu muka yi ta.

Na zaro tsohon takalminsa na aiki daga ƙarƙashin gado, na dama, wanda na ɓoye tun kafin a sallamo shi don kada ya gani. Na haska shi ciki da waje, na sa shi a zanen, na riƙa gyara ƙafar madubin har ta zauna a cikinsa lif. Yanzu duk gyaran da na yi sai in sa kwamfuta ta duba, in akwai inda ƙafa ta ci takalmi sai wurin ya yi ja.

Abu ɗaya ne muka saɓa da abokiyar aikina. In kin yi madubi, abin da ya fito yana ɗaure da uwarsa, duk abin da ya sami ta hagu sai ya bayyana a ta dama. Ita ta ce in tsinke igiyar tun yanzu in huta. Na ƙi, don jikin mai suga yau ya rame gobe ya ciko, ina so in na sake awo ta dama ta bi da kanta, kada in ba shi ƙafafu biyu da ba su san juna ba.

Shi kuwa ya farfaɗo, har tsoro yake ba ni. Tun safe yana kan sanduna, daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin titi, ƙwas ƙwas, maƙwabta har sun san tafiyarsa. Wai yana horar da ta hagu ne don kada sabuwa ta zo ta same ta raguwa. Jiya ya jingina da bango ya yi wa maigadin layinmu aski a tsaye kan ƙafa ɗaya, gumi na zuba, ya ƙi a kawo masa kujera. Na ce ya bi a hankali, likita ya ce a lallaɓa ta. Ya ce ƙarshen shekara ba ya lallaɓa kowa. Na ƙyale shi, don gaskiya ni ma na fi son in gan shi haka da in gan shi yana kallon silin.

Ki gaishe mini da kowa da kowa. In kin kira ki tsokane shi, yana jin daɗi.

Taki,
Yaya Mai Zane

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwar tawa gajera ce. Daga bencin asibiti nake rubuta miki, a kan cinyata, in rubutun ya karkace kin san dalili.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Kafin a yanka ƙarfen idon sawun na ce bari in sake awo na ƙarshe. Na zo da na'urar, ya miƙo ƙafa da safa a jiki, safar nan taki. Na ce ya cire, ya ce sanyi yake ji, ai siririya ce, ba abin da za ta ƙara. Ya kwana biyu da safar nan, da ita yake kwana, in zai yi wanka kuma sai ya tura ƙofa ya ce ya gaji da a riƙa yi masa kamar jariri. Na ɗauka zuciyar maza ce ta dawo, har daɗi na ji. Na haska ta haka nan, yana ta ba ni labarin wani mai sanƙo da ke zuwa aski duk mako.

Washegari da hantsi na zuba sabon awon a kwamfutar ofis. Ta hagu ban ma dube ta ba, hankalina na kan ta dama, don ita ce aikina. Tana gama bin 'yar'uwarta sai na ga takalmin ya yi ja. Ba ɗan ɗigo ba, Auta, tun daga gindin yatsu har tsakiyar tafin sawu, ja wur. Na ce kwamfuta ta rikice. Na rufe na buɗe, ja. Na cire kaurin safa a lissafi, ja. Na juya zanen ta ƙasa, sai ga tudu a ƙarƙashin ƙafar da na zana da hannuna, ƙafar da ba ta taɓa taka ƙasa ba balle ta kumbura. Abokiyar aikina ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Wannan ba daga nan ya fito ba, daga uwar ne."

Ban san yadda na iso gida ba. Na same shi a ƙofar ɗaki yana wasa almakashi. Ban yi sallama ba, na durƙusa na kama safar. Ya riƙe mini hannu, muka dubi juna, sannan ya saki.

Ba zan kwatanta miki abin da na gani ba. Rami ne a ƙarƙashin tafin, ya cusa auduga, gefen ya yi baƙi, yatsu biyu sun sauya launi. Warin da na kwana biyu ina ji ina zargin kwata, ashe a gadona yake kwana. Ya ce tun lokacin da ya matsa wa sanduna ne wata 'yar bororo ta fito ta fashe. Ba ya jin zafi, kin san sugan ya kashe masa jijiyoyin wurin, da ido ya gani. Yana ta wanke ta da sifirit ɗin aski yana barbaɗa hoda, wai a shago da haka suke kashe ƙurji.

Na tambaye shi don me ya ɓoye mini. Ya ce ya ga yadda nake dawowa daga aiki fuskata a sake, ina nuna masa hoto, ya san kuma in na gani zan kwantar da shi, in na kwantar da shi shekara ta ƙare. Ya ce so yake ya taka sabuwar ko sau ɗaya ya shiga shago da ita, daga nan duk abin da za a yi a yi.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa ba tun aurenmu, yana zaune da almakashi a hannu. Har yanzu fushin bai sauka ba, sai dai na rasa wanda zan ɗora wa. Kwamfutar da ba ta da hanci ta gano abin da ni mai kwana kusa da shi ban gano ba.

Likita ya duba, ya danna nan ya danna can, ya sa abin sauraro a bayan gwiwa ya daɗe yana nema. Bai ce komai ba tukuna, wai sai an yi hoton jijiyoyi. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma na san fuskar nan, na gan ta lokacin ta dama. Wata tsohuwa da ke jinya a gadon kusa da namu ta ce mini abin da ya ci doma ba ya barin awai. Don ta ba ni haƙuri ta faɗa, na sani, amma da ta yi shiru da ya fi.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Ki yi mana addu'a.

Yayarki,
Mai Zane

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kin isa gida lafiya kin sami yara lafiya. Na gode da zuwan da kika yi, Allah ya bar zumunci. Ki yi wa maigidanki godiya da ya bar ki kika kwana mana biyu.

Kin tafi ana cewa za a gwada ceto ta. Ba ta cetu ba. An yanke, kuma wannan karon sama da gwiwa, don jinin ba ya sauka. Aikin ya yi kyau, haka suke cewa. Na tambayi mai koyar da tafiya ko mutum zai iya wuni a tsaye da ƙafafun roba biyu. Ta ce da shekarunsa da zuciyarsa, in ya samu ya tashi daga gado zuwa keke da kansa mu gode wa Allah. Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

Kin san abin haushi? Ƙafar ta fito. Na manta ban ce a dakatar da aikin ba, kuma da tsohon awon aka yi ta. Mai injin yankan ƙarfe na kamfaninmu ya kawo mini ita har tebur, a naɗe cikin takarda, yana murna, bai ji labari ba. Ba nauyi, idon sawun yana lanƙwasa kamar na mutum, kowane noti ya ɗauru ta inda ya kamata. Ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. Na kai ta gida na zura ta cikin tsohon takalmin, ta shiga lif, na tura su ƙarƙashin gado. Ban gaya masa ba, ban kuma san ko zan gaya masa ba.

Abokin shagonsa ya zo dubiya da jaka a hannu. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen zafi, ya yi zancen tsadar reza, har mijin naki ya gaji ya ce masa ya ajiye jakar kawai, ya cire mayafin nan a ba yaron mutane wuri. Injinan askinsa ne a ciki, da almakasai, da farar rigarsa a ninke. Mutumin ya fita yana share ido. Shi kuwa ko buɗe jakar bai yi ba, ya ce in kai gida.

Na koma aiki, don zama ba zai yiwu ba. Na buɗe zanen, na dawo da awon farko, na ranar da ya yi dariyar nan, jan ya ɓace. Sannan na tsinke igiyar da ke tsakaninsu, abin da aka ce in yi tun farko. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, wai in na tsinke ta dama ba za ta ƙara bin ta hagu ba. Na ce na tabbata. Ba sauran abin da za ta bi. Yanzu ga su nan a allo, biyu, lafiya lau, a tsaye. Oga ya turo mini sabuwar tirela, na zana rabi, na kai hannu kan madubi na kasa dannawa, sai abokiyar aikina ce ta ƙarasa mini.

Ba ni da wata dabara kuma, Auta. Da can in na kwanta lissafi nake yi, wannan ƙarfe ko wancan, yanzu ba abin da zan lissafa. Ba ya kallon silin ma, bango yake juya wa fuska. Abinci sai na yi da gaske yake karɓar cokali biyu. Kin ce in yi haƙuri, ina yi, don ban ga wani abin da ake yi ba bayan shi.

Jiya da la'asar ina gyara masa zanin gado, na zo wajen da ya zama fili, na tsaya ina ta shafa shi ba dalili. Ashe yana kallona. Ya kira ni da sunan da yake kirana muna saurayi da budurwa, ya tambaye ni ko zanen nan yana nan. Na ce yana nan. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "To ai yanzu ba mai hukunci. Ki ƙara mini tsawon, ki rubuta wa Auta ki gaya mata."

Na yi dariya don ya ga na yi, sannan na ɗauki buta na fita.

Ga shi na gaya miki. In kin kira, ki kira shi Guntu kamar kullum, kada ki canza, zai gane. Ki gai da maigidan da yara, ki kuma shirya mu gaya wa Inna tare, ni kaɗai ba zan iya ba.

Yayarki,
Mai Zane